Tambarin Jini na Duffy: Bayanin Aikinsa da Matsalar Raɗa Masa Suna a Hausa

1.0 GABATARWA

Duk wanda ya taɓa zuwa asibiti domin ba da jini ko karɓarsa ya san akan tambayi rukunin jini, ya kuma san amsar ba ta wuce A ko B ko AB ko O, tare da alamar tarawa ko ta ɗebewa. Wannan ya sa jama'a da dama, har da masu zurfin karatu, suke ɗauka cewa iyakar rukunonin jinin ɗan Adam ke nan. Alhali kuwa ƙungiyar ƙasa da ƙasa mai kula da sha'anin ƙarin jini ta amince da tsare-tsaren rukunin jini fiye da 40, kowanne da sunansa da lambarsa. Na takwas a jerin shi ne wanda ake kira Duffy, kuma a kansa wannan maƙala za ta yi bayani.

Dalilai biyu ne suka sa batun ya cancanci kulawar masu nazarin harsunan Nijeriya. Na farko, akasarin mutanen Afirka ta Yamma, Hausawa da Yarbawa da Ibo da sauransu, ba su da wannan tambari a kan jajayen ƙwayoyin jininsu, kuma wannan yana da nasaba da irin zazzaɓin cizon sauron da ya addabi yankin da kuma irin wanda ba a cika gani ba. Ke nan bayani ne da ya shafi jikin masu magana da waɗannan harsuna, ya kuma kamata a iya yin sa da harshensu. Na biyu, an sauya wa wannan sinadari suna har sau da yawa cikin shekaru sittin da 'yan kai, kuma kowane sauyi ya biyo bayan wani sabon sani ne da aka samu. Tarihin waɗannan sunaye darasi ne ga masu ƙirƙirar keɓaɓɓun kalmomi.

2.0 KALMOMIN DA AKA YI AMFANI DA SU

Kafin a shiga bayani, ya dace a fayyace ma'anar wasu kalmomi da za su riƙa maimaituwa.

(a) Tambari, ko antijin: wata alama ce da ke kan fatar ƙwayar jini, wadda garkuwar jiki ke dubawa ta bambance na gida da baƙo. Aikinta ya yi kama da na tsagar gado a fuska, wadda da ita ake gane asalin mutum tun bai buɗe baki ba.

(b) Antibodi: sinadari ne da jiki ke haɗawa a cikin ruwan jini domin ya kama wani tambari na musamman da ya ɗauka baƙo ne.

(c) Furotin: sinadari ne da aka gina da ƙananan tubala masu suna amino asid, waɗanda aka jera su bi da bi kamar 'ya'yan carbi.

(d) Ƙwayar gado: wani yanki ne na DNA mai ɗauke da umarnin yadda za a gina furotin ɗaya. Haruffa huɗu ake rubuta wannan umarni da su, watau A da C da G da T. Ƙwayoyin gado suna jere ne a kan zaren gado, ko kuromosom, wanda ɗan Adam yake da tagwayensa 23.

(e) Sinadarin gayya, ko kemokin: ƙaramin furotin ne da jiki ke saki a inda aka sami rauni ko cuta, domin ya kirawo fararen ƙwayoyin jini su taru a wurin, kamar yadda manomi ke kiran gayya gonarsa.

(f) Makarɓa: furotin ne da ke kan fatar ƙwaya wanda wani sinadari ke zuwa ya maƙale masa.

3.0 YADDA AKA GANO TAMBARIN

Karl Landsteiner ne ya gano rukunonin A da B da O a birnin Biyana cikin shekarar 1901, sa'an nan shi da Alexander Wiener suka bayyana tsarin Rh cikin 1940. Duk da haka, likitoci sun ci gaba da ganin marasa lafiyar da aka ƙara wa jinin da ya dace da su ta waɗannan fuskoki biyu, amma jikinsu ya ƙi karɓarsa. Cikin shekarar 1950 a Ingila, Marie Cutbush da Patrick Mollison da Dorothy Parkin suka binciki jinin wani mutum mai cutar rashin daskarewar jini, wanda aka sha yi wa ƙarin jini har jikinsa ya fara yaƙar abin da ake ƙara masa. A ruwan jininsa suka sami wani antibodi da ba a san shi ba a da. Sai suka raɗa wa sabon tsarin sunan zuriyar majinyacin, watau Duffy, suka kuma ɗauki haruffa biyu na ƙarshen sunan, Fy, suka zama alamarsa a rubuce. Tambarin da wannan antibodi ke kamawa shi ne Fy(a). Shekara ɗaya bayan haka aka sami abokin tagwaitakarsa, Fy(b), ta hanyar jinin wata mata da ta yi haihuwa uku.

Da farko an zaci kowane mutum yana da ɗaya daga cikin tamburan biyu, ko kuma duka biyun, domin haka abin yake a tsakanin Turawa: kimanin kashi 17 cikin ɗari suna da Fy(a) kaɗai, kashi 34 suna da Fy(b) kaɗai, kashi 49 kuma suna da duka. Cikin 1955 Ruth Sanger da Robert Race da abokin aikinsu suka gwada jinin baƙaƙen fata mazauna New York, sai suka tarar cewa mafi yawansu ba su da ko ɗaya. Kimanin kashi 68 cikin ɗari na baƙaƙen fatar Amurka haka jininsu yake. Binciken da ya biyo baya a Afirka ya nuna cewa a yawancin ƙasashen yamma da tsakiyar nahiyar adadin ya haura kashi 90, a wasu al'ummu ma da wuya a sami mai tambarin. A Gabashin Asiya kuwa, Fy(a) ne ya mamaye kusan kowa.

Tambarin yana da wani matsayi kuma a tarihin ilimin gado. Cikin 1968, Roger Donahue na Jami'ar Johns Hopkins ya lura da wata baƙuwar siffa a zaren gadonsa mai lamba 1, ya bi sawunta a cikin danginsa, ya ga tana tafiya tare da irin tambarin Duffy da suka gada. Da wannan ne Duffy ya zama ƙwayar gadon ɗan Adam ta farko da aka tabbatar da mazauninta a kan wani zaren da ba na jinsi ba.

4.0 ƘIRAR FUROTIN DA YADDA AKE GADONSA

Sai cikin 1993 ne Asok Chaudhuri da Oscar Pogo da abokan aikinsu a Cibiyar Jini ta New York suka karanto ƙwayar gadon da ke gina wannan furotin. Babban nau'insa yana da amino asid 336. Yana ratsa fatar jar ƙwayar jini sau bakwai, shiga da fita, kamar yadda allura ke ratsa ƙyalle, kansa yana waje wutsiyarsa tana ciki. A wannan kai da ke waje ne mafi yawan abubuwan da za a ambata nan gaba ke faruwa. Bambancin Fy(a) da Fy(b) bai wuce tubali ɗaya ba, watau na 42: idan gilaisin ne a wurin sai a sami Fy(a), idan kuwa asfatik asid ne sai a sami Fy(b). A ɗakin gwaji, ana iya datse wannan kai da sinadarin fafen, wanda ake samu daga ƙaron ɗanyar gwanda, sai tamburan biyu su ɓace. Masu gwajin jini suna amfani da wannan dabara wajen tantance antibodin Duffy daga sauran.

Abin da ya fi ɗaure wa masana kai shi ne yadda aka yi mutanen Afirka suka rasa tambarin. Amsar ta fito daga Faris cikin 1995, a binciken Christophe Tournamille da abokan aikinsa. Sun tarar cewa ƙwayar gadon tana nan lafiya lau a jikin waɗannan mutane, kuma irin ta Fy(b) ce. Inda aka sami sauyi shi ne a makunninta, watau ɗan yankin DNA da ke gabanta wanda ke ba da izinin a fara karanta ta. A nan harafin T ɗaya ya koma C. A cikin ɓargo, inda ake ƙera jajayen ƙwayoyin jini, wani furotin mai suna GATA-1 ne ke zama a kan wannan makunni ya kunna shi, kuma da harafin ya sauya sai ya kasa samun wurin zama. Sauran sassan jiki ba su dogara da GATA-1 wajen kunna wannan ƙwayar gado ba, saboda haka furotin ɗin yana nan a shimfiɗar cikin ƙananan jijiyoyin jini da wasu ƙwayoyi na ƙaramar ƙwaƙwalwa ta ƙeya. Ma'ana, mutumin da aka ce ba shi da Duffy, a jajayen ƙwayoyinsa ne kawai ba shi da shi.

Kowane mutum yana gadon kwafi biyu na ƙwayar gadon, ɗaya daga uba ɗaya daga uwa. Sai duka biyun sun zo da wannan sauyi sa'an nan tambarin ke ɓacewa. Wanda ya gaji sauyin ta gefe ɗaya yana da tambarin, amma kimanin rabin adadin da aka saba gani.

5.0 ƘOFAR SHIGAR ƘWAYAR VIVAX

Nau'o'i biyar na ƙwayar Plasmodium ne aka fi sani da sa wa mutum zazzaɓin cizon sauro: falciparum da vivax da ovale da malariae da knowlesi. Falciparum ita ce ta fi kisa, ita ce kuma ta mamaye Nijeriya, ƙasar da rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2023 ya nuna tana ɗauke da fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na masu kamuwa da cutar a duniya. Vivax kuwa ta fi yaɗuwa a Indiya da Pakistan da Indunusiya da Kudancin Amurka da Habasha. Tana da halaye biyu da suka bambanta ta da falciparum. Ba ta shiga sai sabbin jajayen ƙwayoyin da ba su daɗe da barin ɓargo ba, sa'an nan wani ɓangarenta yakan kwanta a cikin hanta na makonni ko watanni, ya farka ya sake kwantar da mutum ba tare da sabon cizo ba.

Alamar farko ta alaƙar vivax da jinin mutanen Afirka ta fito ne daga wani irin magani da aka daina yi. Tun daga 1917, Julius Wagner-Jauregg na Ostiriya ya riƙa sa wa masu tunjeren da ya taɓa ƙwaƙwalwa zazzaɓin cizon sauro da gangan, domin zafin jiki ya kashe ƙwayar tunjeren. Da aka ɗauki wannan hanya a asibitocin Amurka, sai likitoci suka lura cikin shekarun 1930 cewa vivax ba ta cika kama majinyata baƙaƙen fata ba. An rubuta abin da aka gani, amma aka shekara arba'in ba a san dalili ba.

Louis Miller da abokan aikinsa a Amurka ne suka haɗa zancen biyu. Da yake vivax ba ta yarda a rene ta a ɗakin gwaji, sai suka fara da 'yar uwarta knowlesi, suka nuna cikin 1975 cewa ba ta iya shiga jar ƙwayar da ba ta da tambarin Duffy. Cikin 1976 suka ba da rahoton gwaji a kan mutum 17 da sauro mai ɗauke da vivax ya ciza, 11 baƙaƙe 6 farare. Mutum biyar ne kaɗai ba su kamu ba, kuma su biyar ɗin ne marasa tambarin.

Yadda abin ke faruwa shi ne, idan ƙwayar cutar ta fito daga hanta ta faɗa cikin jini, dole ta sami jar ƙwayar da za ta ɓuya a ciki cikin gaggawa, in ba haka ba garkuwar jiki ta halaka ta. Takan fara laluben fatar jar ƙwayar, ta juya ta kafa mata tsininta, sa'an nan ta fitar da wani furotin nata wanda ke cafke kan furotin Duffy. Tubali na 41, wanda ke maƙwabtaka da wanda ya raba Fy(a) da Fy(b), yana da muhimmanci ƙwarai a wannan riƙo. Da riƙon ya kankama sai ƙwayar cutar ta kutsa ciki, fatar ta rufe a bayanta. A ciki take girma ta hayayyafa, bayan kimanin awa 48 ta fasa ɗakin ta fito da 'ya'yanta, wanda shi ne lokacin da zazzaɓi da rawar ɗari ke tasowa. Idan babu Duffy, takan yi laluben amma riƙon ba ya ƙulluwa.

Wajibi ne a jaddada cewa wannan kariya ba ta shafi falciparum ba. Ita falciparum tana da ƙofofi da dama a kan jar ƙwaya, irin su gilaikoforin da basijin, kuma Duffy ba ya cikinsu. Saboda haka rashin tambarin bai rage wa ɗan Nijeriya ko ƙwayar zarra ta haɗarin zazzaɓin da ke kashe yara a daminarsa ba. Gadon da ke rage tsananin falciparum daban yake, shi ne na AS, mai alaƙa da cutar sikila.

Masana ilimin gado suna ganin cewa yawaitar wannan sauyi a Afirka sakamakon tacewar muhalli ne: waɗanda suka gaje shi sun fi tsira da haihuwa a inda cutar ta yi katutu, har zuriyarsu ta rinjayi sauran. Martha Hamblin da Anna Di Rienzo na Jami'ar Chicago sun sami sawun wannan tacewa a cikin DNA, a bincikensu na 2000 da na 2002, kuma a na biyun sun kwatanta jinin Hausawan Kamaru ne da na Italiyawa da Sinawa. Wata hujjar ta fito daga Papua New Guinea cikin 1999, inda aka tarar da sauyin harafi iri ɗaya ya ɓullo da kansa, amma a kan ƙwayar gado irin ta Fy(a), a yankin da vivax ta yi yawa. Cikin 2014 kuma aka nuna cewa gwaggon biri da sauran manyan birai na dazukan tsakiyar Afirka suna ɗauke da dangin vivax na kusa, abin da ya ƙarfafa ra'ayin cewa cutar ta taɓa zama ruwan dare a nahiyar kafin jinin mutanenta ya rufe mata ƙofa.

6.0 AIKIN FUROTIN A JIKI MAI LAFIYA

Ba domin ƙwayar cuta aka halicci wannan furotin ba, saboda haka tambayar da ta rage ita ce, mene ne aikinsa na asali? Cikin 1991 an gano cewa jajayen ƙwayoyin jini suna tsotse wani sinadarin gayya mai suna intalukin-8, amma ba a san makarɓar da ke kama shi ba. Cikin 1993 Richard Horuk da abokan aikinsa suka lura cewa jinin akasarin baƙaƙen fata ba ya wannan tsotsa, suka bi diddigi har suka tabbatar cewa makarɓar ita ce dai furotin Duffy. Sun kuma nuna cewa idan sinadarin gayya ya riga ya zauna a kanta, yakan tare wa knowlesi hanya. Daga nan aka sa masa sunan DARC, wanda taƙaitawa ce ta jimlar Ingilishi mai nufin tambarin Duffy makarɓar sinadaran gayya.

Jikin ɗan Adam yana da sinadaran gayya kusan 50, waɗanda aka kasa manyan gidaje biyu da ƙanana biyu. Yawancin makarɓu ba sa karɓar sai 'yan gida ɗaya, amma Duffy yana kama kimanin 20 daga manyan gidajen biyu, musamman waɗanda ke tasowa lokacin kumburi. Akwai wani bambancin kuma. Makarɓa ta yau da kullum, idan sinadarin gayya ya zauna a kanta, takan aika saƙo cikin ƙwayar ta ce mata ta tashi ta bi kiran. Duffy ba shi da ɗan yankin da ake aika irin wannan saƙo da shi, saboda haka yana kamawa ne ya riƙe kawai.

Riƙon yana da amfani ta fuska biyu. A kan jajayen ƙwayoyi, yana aiki kamar rumbu: idan sinadaran gayya suka yi yawa a cikin jini sai ya kwashe rarar, domin kada fararen ƙwayoyi su ruɗe da kira ta ko'ina, idan kuma suka ragu sai ya sako abin da ya adana. A shimfiɗar ƙananan jijiyoyi kuwa, aikinsa na dako ne: yakan ɗauko sinadarin daga naman da ya ji rauni, ya ratsa da shi bangon jijiya, ya kafa shi a fuskar da jini ke gudana, inda fararen ƙwayoyi masu wucewa za su gan shi su san nan ne mafita. Saboda wannan hali nasa na karɓa ba tare da aika saƙo ba aka sake masa suna cikin 2014, ya zama ACKR1, watau ta farko a jerin makarɓun sinadaran gayya waɗanda suka saɓa wa al'ada. A jerin lambobin da masana garkuwar jiki ke ba furotin na fatar ƙwaya kuma, sunansa CD234.

7.0 TASIRINSA A ASIBITI

Ta fuskar ƙarin jini, antibodin Fy(a) yana iya farfasa jinin da aka ƙara wa mutum, wani lokaci nan take, wani lokaci bayan kwanaki. Matsalar ta fi fitowa a Turai da Amurka, inda masu sikila 'yan asalin Afirka ke karɓar jini akai-akai daga masu bayarwa waɗanda galibinsu Turawa ne. Abin lura shi ne, marasa tambarin ba su cika haɗa antibodin Fy(b) ba, domin jikinsu ya riga ya san wannan furotin a jijiyoyinsa, bai ɗauke shi baƙo ba.

Tasiri na biyu ya shafi ƙidayar nutrofil, waɗanda su ne mafi yawa a cikin fararen ƙwayoyin jini kuma su ne kan gaba wajen yaƙar ƙwayoyin cuta. An daɗe da sanin cewa adadinsu a jinin 'yan asalin Afirka da yawa yana ƙasa da na Turawa, har yakan gaza 1,500 a kowace maikurolita, wanda shi ne iyakar da littattafan likitanci suka daɗe suna ɗauka ta lafiya. Cikin 2009 David Reich da abokan aikinsa suka nuna cewa sauyin harafin nan na makunnin Duffy ne babban dalili. Waɗannan mutane ba su fi kowa kamuwa da cuta ba. Amma da yake an tsara ma'aunin ne da jinin Turawa, an sha yi wa masu lafiya gwajin ɓargo ba gaira ba dalili, an jinkirta wa wasu maganin sankara, an hana wasu maganin taɓin hankali mai suna clozapine, an kuma cire wasu daga gwajin sababbin magunguna. Sunan da aka daɗe ana kiran yanayin da shi yana nufin ƙarancin nutrofil na ƙabila marar lahani. Cikin 2021 likitoci biyu a Boston, Lauren Merz da Maureen Achebe, suka soki wannan suna bisa hujjar cewa ya mai da halittar miliyoyin mutane cuta, ya kuma jingina ta ga ƙabila alhali ga ƙwayar gado ta dogara. Sunan da ya maye gurbinsa yana nufin adadin nutrofil mai alaƙa da rashin Duffy, babu kalmar ƙaranci babu ta ƙabila.

8.0 KARIYAR DA BA TA CIKA BA

An shafe fiye da shekaru talatin ana koyar da cewa marar tambarin Duffy ba ya kamuwa da vivax ko kaɗan. Cikin 2010 Didier Ménard da abokan aikinsa suka tabbatar da samun vivax a jinin marasa tambarin a Madagaska, har da waɗanda cutar ta kwantar. Rahotanni irin wannan sun biyo baya daga Habasha da Sudan da Kamaru da Mali, cikin 2018 kuma daga kudu maso yammacin Nijeriya. Galibi adadin ƙwayar cutar a jinin irin waɗannan mutane kaɗan ne ƙwarai, sai da gwajin DNA ake ganinta. Cikin 2023 wasu ƙungiyoyin bincike biyu suka ba da bayani mai gamsarwa: a cikin ɓargo, wani ɓangare na jajayen ƙwayoyin da ba su gama nuna ba yakan fito da furotin Duffy na ɗan lokaci, ko da a jikin wanda ya gaji sauyin ta gefe biyu. Makunnin bai mutu gaba ɗaya ba ke nan, kuma ta wannan 'yar kafa ce cutar ke samun shiga.

Wannan yana da muhimmanci ga aikin lafiya a Nijeriya. Na'urar gwajin gaggawa da aka fi rarrabawa falciparum kaɗai take ganewa, a ƙarƙashin madubin likita kuma vivax da ovale suna kama da juna. Maganin da ke wanke jini ba ya taɓa ƙwayar da ta kwanta a hanta, sai an haɗa da firimakwin ko tafenokwin, su kuma suna iya farfasa jinin mai ƙarancin sinadarin G6PD, wanda ya yawaita a Afirka ta Yamma. Muddin ana ɗauka cewa vivax ba ta nan, ba za a neme ta ba, balle a shirya mata.

9.0 MATSALAR SUNA A HAUSA

Aikin ƙirƙirar keɓaɓɓun kalmomi a Hausa ya yi nisa a fannin harshe da adabi, musamman tun fitowar ƙamus na keɓaɓɓun kalmomi wanda Ɗalhatu Muhammad ya tace cikin 1990. A fannin ilimin jini kuwa da sauran aiki, kuma batun Duffy ya fito da matsaloli huɗu.

Ta farko ta furuci ce. Idan aka bi ƙa'idar aro ta hanyar sauti, yadda Turawa ke furta sunan zai ba da Dafi a bakin Bahaushe, kalmar da ta yi karo da dafi na maciji da na kibiya. Ma'aikacin asibitin da ya ce wa majinyaci jininsa yana da Dafi ya tayar masa da hankali a banza. Ya fi dacewa a bar sunan yadda yake a rubuce, a furuci kuma a bi harafi a ce Dufi.

Ta biyu ita ce kalmomin fozitif da nagetif, waɗanda jama'a suka fi saninsu a sakamakon gwajin cututtuka masu ban tsoro. Mai tambari da marar tambari sun wadatar, ba su kuma ɗauke da wannan nauyi. Ko kalmar rashi ma tana bukatar hattara, domin a Hausa tana tafe da inuwar hasara da talauci, alhali abin da ake siffantawa shi ne halittar mutum tara cikin goma a ƙasar. Kuskuren da aka yi da sunan ƙarancin nutrofil bai kamata a sake shi da Hausa ba.

Ta uku ita ce nauyin da aka ɗora wa kalmar ƙwaya. Akwai ƙwayar jini da ƙwayar cuta da ƙwayar magani da ƙwayar gado, ga kuma ƙwayar halitta wadda kafofin watsa labarai ke amfani da ita wani lokaci da ma'anar tubalin jiki, wani lokaci da ma'anar abin gado. A jimla ɗaya ta bayanin vivax ana iya samun uku daga cikinsu. Haka nan mutane da dama suna gwama rukunin jini da gwajin AA da AS da SS da ake yi kafin aure, alhali na farko tambarin fatar ƙwaya yake dubawa, na biyu kuma sinadarin da ke cikinta.

Ta huɗu ta shafi cutar kanta. Zazzaɓi da masassara a Hausa, kamar ibà a Yarbanci da ịba a harshen Ibo, ba su bambance nau'o'in cutar ba. Da yake maganin vivax ya bambanta, akwai bukatar suna mai siffantawa wanda talaka zai riƙe, alal misali zazzaɓi mai kwanciya a hanta, ko zazzaɓi mai komowa.

10.0 KAMMALAWA

An ga yadda furotin ɗaya ya sami suna daga majinyaci cikin 1950, lokacin da ba a san komai game da shi ba sai cewa yana ɓata ƙarin jini, ya koma DARC bayan an gano yana kama sinadaran gayya, ya kuma zama ACKR1 da aka fahimci yadda ya bambanta da sauran makarɓu. An kuma ga cewa sauyin harafi ɗaya a makunninsa ya ba mutanen Afirka ta Yamma kariya mai ƙarfi daga vivax, kariyar da binciken 2010 zuwa 2023 ya nuna tana da kafa, kuma ba ta taɓa shafar falciparum ba. Kalmomin da aka gabatar a nan, irin su tambari da makarɓa da makunni da sinadarin gayya, shawarwari ne da ke jiran gwaji a aji da asibiti da gidan rediyo. Zai kyautu masana Hausa da na Yarbanci da na Ibo su zauna da masana ilimin jini su daidaita su, su kuma tanadi hanyar sake duba su duk lokacin da bincike ya zo da sabon bayani.